Daga Kano zuwa Jidda: kilomita 3,400, amma awa nawa?

Da zarar an gama sallama da maniyyaci a filin jirgin saman Malam Aminu Kano, 'yan rakiya sun juya za su koma gida, sai wani ya jefo tambayar da ba a taɓa rasa mai yi: "To ƙarfe nawa za su sauka?" Nan musu yake tashi. Wannan ya ce awa huɗu da rabi ne, wancan ya ce biyar cif. Alhajin da ya sauke farali a 2023 ya rantse sai da suka kusa awa bakwai a sama. Hajiyar da ta bi jirgin yawo zuwa Umara ta ce su dai kwana suka yi a hanya. Babu maƙaryaci a cikinsu. Kano tana nan inda take, Jidda ma ba ta gusa ba, amma lokacin da ke tsakaninsu ba ya zama wuri ɗaya.

Nisan kansa ba abin musu ba ne. Daga filin Kano zuwa filin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, idan aka auna hanya mafi gajarta a kan doron duniya, kimanin kilomita 3,400 ne. Matuƙa ba sa lissafi da kilomita, da mil na teku suke yi, wanda kowane ɗaya mita 1,852 ne, don haka a takardarsu tazarar ta kai wajen mil 1,850. Zuwa filin Yarima Muhammad bin Abdul'aziz na Madina kuwa, inda yanzu akasarin jiragen alhazan Najeriya ke fara sauka, akwai ƙarin kusan kilomita 150.

Wannan gajeriyar hanya tana barin Kano ta fuskanci gabas, ta ɗan karkata arewa, kusan daidai da alƙiblar masallatan birnin. Babban titin jirgin filin ma, idan gabas aka fuskanta wajen tashi, bai kauce wa wannan fuska sosai ba, sai ka ce da gangan aka shimfiɗa shi. Daga nan layin ya ratsa Jigawa da Yobe, ya taɓa yankin Diffa a Nijar, ya wuce ta arewacin Tafkin Chadi, ya haye duwatsun Ennedi, ya shiga Sudan ta arewacin Darfur, ya tsallake Kogin Nilu wajajen Dongola, ya fito gaɓar Bahar Maliya arewa da Fot Sudan. Ƙetaren ruwan Jidda ce. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na tafiyar duka a saman Sudan take, kuma a nan ne labarin awoyin yake.

Lissafin cikin sauƙi

Babban jirgin fasinja, idan ya daidaita a sama tsakanin ƙafa 35,000 zuwa 39,000, yana cin kilomita 850 zuwa 900 a awa. Raba 3,400 da 850, ka sami awa huɗu. Sai dai jirgi ba ya fara wannan gudun daga ƙasa. Hawa yana cin wajen minti ashirin zuwa talatin, sauka ma haka, ga tafiyar hawainiyar da yake yi daga inda ya ɗauki fasinja zuwa bakin titi, ga jiran izinin hasumiya. Sannan ba ya bin layin nan tsaf. Sama ma tana da hanyoyi da aka shata, masu sunaye da lambobi, masu lanƙwasa daga wannan alama zuwa waccan. Ma'aikatan Najeriya za su miƙa shi ga na Njamena, su kuma su miƙa shi gaba, kowa da iyakarsa. (Wani abin da Kanawa da yawa ba su sani ba: a taswirar matuƙa ta duniya, sararin samaniyar Najeriya baki ɗaya da sunan Kano ake kiransa, har da wanda ke saman Legas da Abuja.) Idan aka haɗa waɗannan duka, awa huɗu ta zama huɗu da rabi ko biyar. Wannan ne lokacin da kamfani ke rubutawa, daga rufe ƙofa zuwa buɗe ta.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne agogo. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu, kuma tikiti yana nuna lokacin tashi da agogon garin da aka bari, lokacin sauka da agogon garin da aka isa. Jirgin da ya bar Kano ƙarfe 12:00 na rana, ya yi awa huɗu da rabi, zai sauka Jidda 6:30 na yamma. Mai duba takarda zai ce awa shida da rabi. Na dawowa da ya bar Jidda 12:00 zai iso Kano 2:30, a ce awa biyu da rabi. Daga nan ne wasu ke yanke hukuncin cewa dawowa gangara ce. Matuƙa da masu hasumiya sun huta da wannan ruɗani, domin su da agogo ɗaya tal suke aiki a duk duniya, na Girinwic.

Awa biyun nan kuwa ba ƙirƙirar hukuma ba ce kawai. Tsakanin Kano da Jidda akwai digiri 30 da ɗoriya na zagayen duniya, rana kuma tana cin digiri 15 a kowace awa. Ashe da gaske rana na riga faɗuwa a Jidda da kimanin awa biyu. Masu zuwa Umarar azumi sun san daɗin wannan: wanda ya yi sahur a Kano ya tashi da hantsi, a Jidda zai sha ruwa alhali iyalinsa ba su daɗe da idar da La'asar ba. Wanda ya dawo da rana yana azumi, shi zai biya bashin.

Iska tana da nata rabon. Jirgi a cikin iska yake iyo, gudunsa na 850 ɗin a kan iskar ake auna shi, ba a kan ƙasa ba. Idan iskar tana tafiya da shi ta ƙara masa, idan tana tunkararsa ta rage. A ɗauka tana gudun kilomita 50 kacal a awa: mai ita a baya zai yi 900, mai ita a gaba 800, bambancinsu a kan wannan hanya ya kusa rabin awa. Kuma a can sama tana wuce haka nesa ba kusa ba. Da hunturu, wata iska mai ƙarfi tana kwararowa daga yamma zuwa gabas ta saman arewacin Afirka da Larabawa, tana tura mai zuwa Jidda, tana danne mai dawowa. Da damina al'amarin yana juyewa a yankinmu: wata iskar ce ke tasowa daga wajajen Indiya, ta bi saman Sahel ta nufi yamma, sai mai dawowa gida ya more. Tunda watan Zulhajji yana matsowa da kwana goma sha ɗaya kowace shekara, alhajin Disamban 2006 da alhajin Yunin 2023 ba iska ɗaya suka keta ba. Maganar da wasu ke yi cewa juyawar duniya ce ke kawo wa jirgi garin da zai sauka, ko ta gudar masa da shi, ba ta da tushe. Iskar da jirgin yake ciki tare take juyawa da duniyar.

Ranar da aka rufe Sudan

Ranar 15 ga Afrilu, 2023, faɗa ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin Janar Abdel Fattah al-Burhan da dakarun RSF na Mohamed Hamdan Dagalo. Filin jirgin birnin yana cikin wuraren da aka fara gwabzawa, har harsasai suka sami wani jirgin Saudia da ke shirin tashi. Aka rufe sararin samaniyar ƙasar. Saura 'yan makonni a fara jigilar maniyyata, kuma a wannan shekarar kujeru 95,000 Saudiyya ta ware wa Najeriya.

Sudan ba ƙaramar ƙasa ba ce da za a ɗan kauce mata. Ta tare gabas tun daga iyakar Masar har zuwa ta Habasha. Jirgin da aka hana shi ratsa ta, zaɓinsa biyu ne: ya yi arewa ya biyo ta Masar, inda Libiya ke tsakani da nata rikicin da kamfanoni da dama ke gudu, ko ya yi kudu ta Kamaru da Afirka ta Tsakiya, ya zagayo ta gabashin Afirka ya hauro Bahar Maliya. Ko wanne aka bi, an ƙara wajen awa biyu. Hanyar lafiya a bi ta da shekara, in ji Bahaushe, amma a sama kowane minti da kuɗinsa. Jirgi irin Boeing 747, wanda ya daɗe yana jigilar alhazanmu, yana shan mai kimanin tan 10 a awa. Ƙarin awa biyu tan 20 ke nan a zuwa, sannan jirgin zai dawo ta wannan doguwar hanyar ya ɗauki sawu na gaba. Ga kuɗin ratsa sararin kowace sabuwar ƙasa, ga dokar da ta ƙayyade awoyin da matuƙi zai yi yana aiki kafin ya huta. Kamfanonin suka ce ba za su iya a tsohon farashi ba, maganar ta tsaya a ƙarin dala 250 kan kowane maniyyaci, hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta shiga neman inda za a cike giɓin. Manomin da ya sayar da shanunsa a Ɗanbatta ya biya kujera, wanda bai san Burhan ba bai san Dagalo ba, sai ga yaƙinsu a cikin guzurinsa.

Akwai kuma asarar da ba ta dala ba. Jirgin da a da yake iya zuwa ya dawo cikin kusan yini guda, sai ga zagayen ya ƙaru da awa huɗu. Sawun da zai yi a mako ya ragu, wa'adin rufe filayen Saudiyya ga maniyyata kuma bai matsa ba. Ƙarin awa biyu a sama yana iya zama ƙarin kwanaki a ƙasa ga mutumin da sunansa ke sawu na ashirin.

Ba a gama da wannan ba, a farkon Agustan shekarar sojojin da suka kifar da Mohamed Bazoum suka rufe sararin samaniyar Nijar na kusan wata guda. Wannan karon jiragen da ke tsakanin Turai da Najeriya ne suka ji jiki, suka riƙa zagaye mai nisa. Duk wanda ya kalli taswira a lokacin zai ga Sudan a rufe, Nijar a rufe, Libiya ana tsoronta, katanga guda daga Bahar Maliya har kusan iyakar Mali. A ganina wannan ne abin da manhajojin lissafin tazara ba za su taɓa gaya wa mutum ba. Suna ba ka kilomita daidai har da ɗigo, su ba ka awa huɗu da minti kaza, alhali tsawon tafiyarka yana hannun zaman lafiyar mutanen da kake wucewa ta saman rufinsu.

Hanyar ba sabuwa ba ce

Dogaro da Sudan ya girmi jirgin sama. Kakanninmu da suka yi niyyar Makka a ƙafa, ta Borno suke fita, su bi Wadai, su shiga Darfur da Kordofan, su tsallake Nilu, su kai Sawakin su jira jirgin ruwa. Tafiyar shekaru ce, ana yi ana tsayawa noma ko ƙwadago a tara na gaba. Wasu sun yi sallama da gida irin ta wanda ba zai dawo ba, kuma da yawa ba su dawo ɗin ba. Garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya kafa da waɗanda suka tsira daga yaƙin Burmi na 1903, da unguwannin Hausawa a biranen Sudan har yau, duk zangon wannan hanya ne da ya zama gida.

Jirage ma da suka zo, sawun ayarin suka bi. Na farko da suka sauka Kano, guda uku ne na sojan saman Ingila ƙarƙashin Arthur Coningham. Sun baro Helwan kusa da Alƙahira ranar 27 ga Oktoba, 1925, suka biyo ta Sudan, suka iso ranar 1 ga Nuwamba, suka sauka a filin wasan dawaki domin babu filin jirgi. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe zirga-zirga tsakanin Khartum da Kano, yana yada zango a garuruwa irin su Al-Ubayyid, Al-Fashir, Al-Junaina, Fort Lamy wadda ita ce Njamena ta yau, da Maiduguri. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, dubban jiragen yaƙi da aka harhaɗa a Takoradi ta Gana sun bi ta Kano da wannan layi zuwa Masar. Ƙaramin tanki ne ya ba Kano daraja a wancan zamani: jirgin da ba zai iya tsallake Sahara ya zarce ba, dole ya sha mai a nan. Shi ya sa kamfanonin Turai suka yi ta sauka a birnin a kan hanyarsu ta kudancin Afirka, har KLM ya shafe fiye da shekara sittin yana zuwa kafin ya daina a 2012. Da jirage suka iya dogon zango, sai suka riƙa wucewa ta sama.

A ƙarshen shekarun 1940 attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kassim da Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar WAPA don kai maniyyata a manyan motoci, daga baya suka shiga harkar jirgin sama. Tafiyar shekaru ta koma ta watanni, ta watanni ta koma ta yini. Mutum ɗaya yana iya ganin duka ukun a rayuwarsa.

Saurin bai zo kyauta ba. Ranar 22 ga Janairu, 1973, wani Boeing 707 na kamfanin Jodan da Nigeria Airways ya yi haya ya taso daga Jidda da alhazai zai je Legas, yanayi ya sa aka karkato shi Kano, ya yi hatsari wajen sauka, mutum 176 suka rasu. Ranar 11 ga Yuli, 1991, jirgin da ya ɗauko alhazai daga Jidda zuwa Sakkwato ya kama da wuta jim kaɗan bayan tashi, duk mutum 261 da ke ciki suka rasu. Bincike ya gano tayoyin da iskarsu ba ta cika ba, an kuma tashi a haka don kada a makara. Allah Ya jiƙansu. Duk lokacin da na ji fasinja yana ɗaga murya don an ce injiniya na duba wani abu, ko an ce hazo ya sa a dakata, wannan jirgin na Sakkwato nake tunawa.

Jirgin yawo da zaman jira

Wanda bai sami jirgi mai zuwa kai tsaye ba, lissafinsa daban ne. Ta Alƙahira, tafiyar ta zama wajen kilomita 4,300. Ta Adis Ababa, kusan 4,700, kuma abin dariyar shi ne nisan Kano zuwa Adis Ababa kusan ɗaya yake da nisan Kano zuwa Jidda: ka gama cin tazarar duka, ka sauka, saura kilomita 1,400. Ta Doha kuwa ya haura 6,000, domin sai ka wuce ƙasar Saudiyya gaba ɗaya sannan ka dawo da baya. Amma ba kilomitocin ne ke gajiyar da mutum ba, zaman jiran jirgi na biyu ne, wanda zai iya zama awa biyu, zai iya zama dare guda a kan kujerar ƙarfe. Sau da yawa tikitin da ya fi nisa shi ya fi araha, domin kamfani ba da kilomita yake yanka farashi ba, da yawan masu nema da kujerun da yake son cikewa ne. Mai sayen tikiti ya fi kyau ya tambayi dillali awa nawa ne daga tashin farko zuwa saukar ƙarshe, da inda za a kwana in da kwana, kafin ya tambayi sunan jirgin.

Ga mai sauka Jidda da niyyar wucewa Makka, gudun jirgi ya shiga har cikin ibada. Jirgin yana cin kilomita 14 zuwa 15 a minti ɗaya, don haka daidai da miƙati ba wurin tsayawa ba ne, ƙiftawa ce. Shi ya sa ake sanarwa tun da sauran lokaci, shi ya sa kuma da yawa ke ɗaura harami tun daga Kano, su bar niyya sai an zo wurin. Malamai sun yi saɓani kan ko Jidda kanta za ta wadatar wa wanda ya zo ta sama, mafi yawansu ba su yarda ba. Wanda ya fara da Madina ya huta da wannan, a Zulhulaifa zai yi nasa a natse, ƙafarsa a ƙasa.

In an bi diddigi, awoyin sama su ne mafi ƙanƙanta a tafiyar alhaji. An kira shi sansanin alhazai, ya bar ƙauyensu da asuba, ya yi layin tantancewa, layin guzuri, layin awon kaya. Jirgin da zai ɗauke shi wataƙila yana can yana jiran izinin tashi daga Madina. Ya sauka a tashar alhazai ta Jidda, mai rufin tantuna 210 da aka buɗe a 1981, ya sake wani zaman kafin a buga masa fasfo. Daga nan zuwa Makka ƙasa da kilomita 100 ne, zuwa Madina fiye da 400, tafiyar da a motar alhazai takan ɗauki lokacin da ya kai na tsallake Chadi da Sudan, ko ya fi. Jirgin ƙasan Haramain da aka buɗe a 2018, mai gudun kilomita 300 a awa, ya rage wannan ga mai halin shiga.

Dawowa ta fi zuwa wuya, kuma dalilin a fili yake. Zuwa a warwatse ake yi cikin wata guda, amma aikin Hajji rana ɗaya yake ƙarewa ga kowa, mutum fiye da miliyan ɗaya daga ƙasashen waje duk suna son tafiya gida. Hukumar jiragen Saudiyya ce ke raba wa kowane kamfani lokutan sauka da tashi, wanda ya makara ya rasa gurbinsa sai ya jira wani. Kaya sun yi nauyi da tsaraba, zafin Jidda kuma yana rage wa injin ƙarfin ɗagawa, don haka awon jaka da alhazai ke ƙorafi a kansa lissafin tashi ne. Ruwan Zamzam, lita biyar na kowane alhaji, galibi ba ya ma biyo shi: tun lokacin kai maniyyata ake loda shi a jiragen da ke komawa Najeriya babu fasinja, ya riga mai shi isa gida da makonni. Ƙa'idar da ake bi ita ce wanda ya riga zuwa shi zai riga dawowa, saboda haka alhajin sawun ƙarshe yakan ƙara makonni a Makka bayan an sauko daga Mina, yana jiran tafiyar awa biyar.